Murfin da Ke Tsakiyar Titi

Tun duku-duku muke kafa shinge
a Titin Conceição, tsakanin layukan ƙarfe biyu,
inda taragon lantarki mai ruwan ƙwai ke hawa yana tari.
Akwai murfi a nan. Kullum ana taka shi.
Mai gasa kifi ya taka, liman mai baƙar riga ya taka,
ɗan sane ma ya taka a guje,
ba wanda ya san saman ɗaki yake bi.

Ni ne Belmiro. Shekara talatin da ɗaya ina ɗaga shi.
Graciete ta riƙe fitila, ni na zura mesa,
inji ya kama zuƙa kamar maraƙin da ya kwana bai sha ba.
Sai ya sha, ya sha, ya ƙara,
kafin matakala ta yarda ta nuna fuska.

Sunkuya, baƙo. Ƙofar ba ta san mai muƙami ba.
Wannan bakan dutse da ka dafa
Romawa suka ɗora shi, shekara dubu biyu ke nan,
suka tafi da harshensu, suka bar ginin yana ɗiga.
Lisbon ta hau kansa ta zauna, ta manta,
kamar mai neman hula, hula na kansa.

Sai safiyar da ƙasa ta girgiza.
Ranar ibada ce, kyandir a kunne a kowane coci.
Ƙasa ta ci rabonta, teku ya ja baya ya dawo ya ci nasa,
wuta ta lashe kwanon.
Da aka zo sake gini, diga ta faɗa rami,
mai digar ya leƙa, duhu ya leƙo shi.

Can bisa tudu, a Carmo, an bar coci ba rufi,
haƙarƙarinsa a waje, tantabaru na ratsa shi.
Shi yana da sama, ba shi da rufi.
Nan ƙasa rufi ne zalla, ba mu da sama.
Ban san wanda ya fi wani haƙuri ba.

Kakata Deolinda ta ce uwarta na zuwa da tulu
wata rijiya a kusurwar can, don ciwon ido.
Ruwa mai tsarki, in ji mutanen unguwa.
Ba ta san ɗakin Romawa take yi wa kwalfa ba.
Idon bai warke ba.
Ta ce da ba ta sha wanka da shi ba, da tuni ya rufe.
Wa zai yi musu da matar da ta riga ta mutu?

Jiya wani yaro mai jan takalmi ya ja mini riga:
«Kawu, ina dukiyar?»
Na nuna masa tsagar da ke ƙasan ɗakin,
inda ruwa ke ɓuɓɓugowa, sanyi ƙalau, ba ya hutu.
Ya ce, «Shi ke nan?»
Na ce unguwar nan a kan turakun itace take tsaye,
an kafa su cikin laka bayan girgizar,
kuma itacen da ke cikin ruwa ba ya ruɓa sai ya sha iska.
Ya taɓe baki. Yana so ya ga zinariya.

Yau ce ranar rufewa, kuma tawa ta ƙarshe.
Gwiwa ta ƙi matakala, takardar fansho na aljihu.
Graciete ta hau ta bar ni da fitilar.
Na kashe inji.
Shiru ya sauko, sai kukan tarago can sama
kamar mai jan gado a ɗakin maƙwabta.

Na tsaya har ruwan ya taɓa mini idon sawu.
Bai gaishe ni ba, ban gaishe shi ba,
mun daɗe da wuce gaisuwa.
Na cika 'yar kwalba, na shafa saura a ido,
na hau, na ja murfin.
Wata mata da jakar lemo ta taka shi ta wuce.